A riƙe hannun sababbin likitoci a makonninsu na farko

Ya Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in faɗi abin da na gani da idona lokacin da na yi jinyar mahaifiyata kwana goma sha ɗaya a wani asibiti a nan Sakkwato.

Kwanciyarmu ta zo daidai da zuwan sababbin likitoci masu shekara ɗaya ta sanin makamar aiki. Wani saurayi cikinsu, mai ladabi ƙwarai, bakinsa ba ya rabo da "Sannu Inna", shi ya sa mata allurar ƙarin ruwa. Sai da ya soka sau uku kafin ya dace da jijiya. Daga gadonmu ya wuce na gaba, famfon ɗakin kuwa ko ɗigo babu. Allurar ta kwana huɗu a hannunta ba wanda ya duba. Wurin ya kumbura ya fara ruwa, zazzaɓi ya rufe ta. Hawan jini ya kai mu asibiti, sai ga mu muna sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Wallahi ban ga laifin yaron nan ba. Da dare shi kaɗai ne da gadaje fiye da ashirin, babban likita sai zagayen safe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022, a ƙasashe irin namu majinyata 15 cikin 100 kan ɗauki wata cuta a asibiti, a ƙasashe masu arziki kuwa 7. A Ingila, inda sababbin likitoci ke kama aiki ranar Larabar farko ta Agusta, binciken 2009 ya nuna mace-macen waɗanda aka kwantar a ranar sun ɗara na Larabar da ta gabata da kashi 6 cikin 100. Can ma ke nan, da ruwa da wuta ba sa yankewa.

Roƙona ga shugabannin asibitocinmu da Ma'aikatar Lafiya ta jiha: kafin a bar sabon likita shi kaɗai, ya yi mako biyu a gefen tsohuwar nas, ta nuna masa sa allura da robar fitsari cikin tsafta. A ajiye ruwan goge hannu a kowane gado, a rubuta ranar da aka sa allura a jikin filasta. Mu masu jinya kuma a daina hararar mu idan muka ce, "Likita, don Allah a wanke hannu."

Inna ta warke, alhamdu lillahi, amma har yanzu ba ta iya ɗaga buta da hannun.

Naka mai karatu,
daga Mabera, Sakkwato