Wasiƙa zuwa ga aminina kan abincin kifin teku da murjani

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya baƙunta, an fara sabawa da wurin? Saƙonka ya iso tun makon jiya, hoton tankin kifin naka ma na gani. Ya yi kyau ƙwarai, sai dai duwatsun nan ka manna su da gilashin baya, nan gaba za ka sha wuya wajen goge wurin. Amma ba wannan ka tambaye ni ba. Ka ce kifayenka sun fara raina busasshen abincin gwangwani, su ɗauka su tofar, kana so ka ji yadda nake haɗa nawa a gida. Na ga maganar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Bari in fara da kunyar da na sha, kada ka bi sawuna. Ranar da na fara haɗawa, komai na tattara na zuba a injin markaɗe, na bar shi yana ta gudu har abin ya koma kamar man shafawa. Na ɗebo cokali guda na juye a tanki. Kafin in ajiye cokalin ruwa ya yi fari fat kamar an jiƙa alli, kifaye na ta zagaye suna neman abin kamawa, babu. Injin kumfa mai tsamo datti ya haukace, ya cika kofinsa ya malalo ƙasa. Uwargida ta leƙo, ƙarni ya buge ta, ta dube ni ta juya ba ta ce uffan ba. Gara ma a ce ta yi faɗa. Ba a yi mako biyu ba gansakuka ta lulluɓe duwatsu kamar gashi. Sai da na koma na karanta bayan ledar jatan landen na gano rabin laifin: an jiƙa shi da wani sinadarin fosfet mai lamba E451, wanda ake sa wa kayan teku don su riƙe ruwa su yi nauyi. Ashe taki na saya na zuba wa gansakuka da hannuna.

Tun daga ranar na fahimci cewa abin da kifi bai ci ba, ruwa ne yake cinye shi. Ya ruɓe ya zama amoniya, ƙwayoyin bakteriya su mai da ita naitirayit, sannan naitiret, fosfet kuma ya taru. Tankin gilashi ba teku ba ne, babu igiyar da za ta zo ta kwashe maka ɓarnarka.

To, ga abin da nake saya. Ɗanyen jatan lande, da sikwid, wata halittar teku mai laushin jiki da hannuwa da yawa, da naman kumba, wato halittun nan masu ɓawo biyu, da tsokar farin kifin teku, da ɗan ƙwan kifi idan na samu. Duka ɗanye, ba gishiri, ba yaji, ba wanda aka dafa ko aka kyafe. Ka karanta bayan leda, idan ka ga an lissafa wani abu ban da naman kansa da ruwa, ajiye musu kayansu. Nakan haɗa kamar giram 500 ne kawai, jatan lande ya fi yawa, sikwid kaɗan domin yana da yauƙi kuma shi ya fi tayar da injin kumfa. Sai busasshiyar ciyawar teku da ake kira nori, falle biyu ko uku, wadda ba a shafa wa mai ko gishiri ba, da ƙaramin cokali na garin sifirulina, wata irin koriyar gansakukar ruwa da ake busarwa.

Kada wani ya ruɗe ka da zuciyar sa ko naman kaza. Kitsen dabbar tudu bai dace da cikin kifin teku ba, taruwa yake yi a hantarsa. Abin da jikinsa ke nema shi ne man omega-3, musamman EPA da DHA, kuma a halittun teku ake samunsu da yawa. Kifin ruwan daɗi ma ba ya wadatar da su. Akwai kuma wani sinadari, tiyaminas, a jikin wasu kifaye irin su ancobi da herin da ɗan kifin adon nan mai ruwan zinare, wanda ke lalata bitamin B1. Ƙanƙara ba ta kashe shi. Wannan ne ya sa ba na dogara da nama iri ɗaya, kuma nakan ɗiga ruwan bitamin da aka yi don kifi a cikin haɗin.

Inda aikin yake shi ne yanka. Ka bar naman ya fara daskarewa a firiza, ya yi tauri amma wuƙa tana shigarsa, a nan yake yankuwa tsaf ba tare da ya dame ba. Nakan kasa shi uku. Kashi ɗaya da wuƙa nake daddatsa shi, kowane gutsure kada ya wuce girman ƙwayar idon kifin da zai ci. Kashi na biyu in goga shi a magogi. Na ukun, ɗan kaɗan, shi ne ke shiga injin markaɗe, shi ma dannawa biyu ko uku in saki. Manyan gutsattsarin ina zuba su a rariya mai laushi in ɗauraye da tataccen ruwan da nake haɗa ruwan tanki da shi, ba ruwan famfo ba. Sannan in jiƙa nori in yayyaga, in gauraya duka. Wasu na ɗaure haɗin da jelatin don kada ya watse. Na gwada, yana aiki, amma idan ya yi yawa sai abin ya zama kamar roba, kifaye su yi ta ja suna bari. Yanzu ba na sawa.

Daga nan sai leda mai zif. Ka zuba, ka shimfiɗe ta ta yi fale-fale, kaurin rabin santimita, ka danna bayan wuƙa ka ja layuka kamar gidan dara, ka rubuta kwanan wata, sai firiza. Kullum ka ɓallo ɗan gida ɗaya. Wanda ya narke ba ya komawa. Ni ba na barin haɗi ya wuce wata 3, domin man da ke ciki yana canzawa, bitamin ma yana raguwa ko a cikin sanyi.

Wajen bayarwa, in narkar da shi a ƙaramin kofi da ruwan tanki, in kashe injin kumfa da famfon da ke mayar da ruwa cikin tanki, in riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. Abin da ba su cinye cikin minti biyu ba ya yi yawa. Kifi maroƙi ne, ko yanzu ya ci, idan ka gifta zai taso gaban gilashi kamar ya kwana uku da yunwa. Kada ka biye masa. Kifinka mai ruwan lemo da farar ɗamara komai yake ci, ba shi da matsala. Kifin tang ɗin nan rawaya kuwa makiyayi ne, yini yake yana kiwo a kan duwatsu, don haka ka maƙala masa fallen nori a gilashi ko da ya ci haɗin.

Murjani, halittun nan masu rai da ke girma kamar dutse a ƙarƙashin teku, shi ne ya fi ba ni sha'awa. Yawancinsu suna ɗauke da wasu ƙananan tsirrai a cikin tsokarsu, zuzanteli, masu haɗa abinci da haske su ba mai masaukinsu. Shi ya sa fitila mai kyau ta fi musu kowane haɗi. Amma dabbobi ne, suna da baki, suna farauta, galibi da dare. Ka jira kamar awa ɗaya bayan fitila ta mutu, ka ɗiga ɗan ruwan kofin abincin, ka koma gefe da ƙaramar tocila. Za ka ga abin da da rana yake kamar dutse ya kumbura ya fito da 'yan yatsu farare suna lilo. Sai ka zuƙi gogaggen naman a sirinji marar allura, ka fesa a hankali a kansa. Yatsun su naɗe, tsokar ta tattaro, bakin ya buɗe ya haɗiye, a hankali kamar mai jin barci. Daren farko na fi rabin awa a tsugune, sai da ƙafata ta yi sanyi.

Masu manyan bakuna su ake ba gutsure, sau ɗaya ko biyu a mako. Masu ƙananan bakuna irin su Acropora sai markaɗaɗɗen, shi ma kamar hayaƙi. Idan gutsuren ya yi girma, murjanin zai karɓa, cikin dare ya amayo shi ya ruɓe a bayan dutse. Akwai kuma irin su Tubastraea, mai ruwan lemo, da ba su da zuzanteli ko kaɗan, kowane baki sai an ba shi nasa. Kada ka sayo shi sai ka tabbatar kana da lokacinsa.

Ɓarawon gidan kuwa jatan landen adon nan ne mai jan baya da farin layi. Ina ji ina gani ya taka kan murjani ya zura hannu har cikin bakinsa ya zaro naman. Yanzu shi nake fara sallama da nasa gutsuren, sannan in kife gindin gorar roba da na yanke na huhhuda a kan murjanin na minti 15.

Maganar tafarnuwa da ka ji, wai ana sa ta a abincin kifi don magani: tana iya jawo kifi mai ƙin ci ya kusanci abinci, amma ba ta maganin cutar fararen ɗigo. Wannan sai an ware kifin a wani tanki an yi masa magani. Kifin mandarin da ka ce kana sha'awa kuma, ka dakata tukuna. Ƙananan halittu masu rai da ke yawo a kan duwatsu yake tsinta, da wuya ya kalli haɗinka, tankinka kuwa sabo ne.

Kafin ka fara ba su haɗin, ka auna naitiret da fosfet ka rubuta, ka sake aunawa bayan mako biyu. Ni ina ƙoƙarin riƙe naitiret ƙasa da miligiram 10 a kowace lita ta ruwa, fosfet kuma kada ya haura 0.1. Idan sun tashi, rage hannu kafin ka nemi wani magani. Ka turo mini lambobin in gani, da hoton murjanin da dare idan wayarka za ta iya ɗauka.

Ka gaishe mini da mutanen gida da yara. Af, na manta: ka ware wa wannan aiki wuƙarsa da katakon yankansa da magoginsa daban, ka kuma buɗe taga kafin ka fara.

Naka,
amininka na kullum.