Gyambon Baki Bai Isa Dalilin Ajiye Maganin Ciwon Hanta Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin masu shan maganin ciwon hanta da iyalansu a kan gyambon baki, wanda mutane ke rainawa, alhali ya kusa raba mu da yayana.

Yayana yana sayar da dankalin turawa a kasuwar Farin Gada, kuma ya kai shekara biyu yana shan ƙwayar tenofobir kullum saboda ciwon hanta nau'in B. A hunturun bara, lokacin da sanyin Jos ya tsananta, sai wasu mikuna farare masu jan gefe suka fito masa a cikin kumatu da ƙarƙashin harshe. Na sha ganinsa da safe yana riƙe da kofin shayi har ya huce, ya kurɓa sau ɗaya, idanunsa su kawo ruwa, ya ajiye. Tuwo ya gagare shi, magana ma sai ta zama dole. Masu zuwa dubiya suka yi ta cewa maganin ne ya yi masa ƙarfi, zafinsa ya taru a ciki yana fitowa ta baki. Ya daina sha ba tare da ya gaya wa kowa ba, sai da matarsa ta tarar da robar maganin a cike cikin aljihun babbar rigarsa. Kafin nan wani mai kemis ya ba shi maganin kashe ciwo mai suna dikulofenak, ya kuma ce ya daka asfirin ya barbaɗa a kan mikin, abin da ya ƙona wurin ya ƙara masa faɗi.

Bayan kimanin wata biyu idanunsa suka koma rawaya, fitsarinsa ya zama kamar baƙin shayi, muka kwashe kusan mako biyu a asibiti. A nan likita ya bayyana mana cewa maganin nau'in B danne ƙwayar cutar yake yi, ba ya kawar da ita gaba ɗaya, saboda haka idan aka ajiye shi kwatsam tana iya yunƙurowa da ƙarfi har hanta ta gaza. Da aka gwada jini kuma, sai aka ga ƙarancin sinadarin ƙarfe ne a jikinsa, wanda shi kansa yakan jawo irin waɗannan mikuna.

Ban ce masu ɗora laifi a kan magani ƙarya suke yi ba, domin maganar tana da asali. Allurar intaferon da ake yi mako-mako, wadda a da ake haɗawa da ƙwayar ribabirin har tsawon wata shida ko kusan shekara ga masu ciwon hanta nau'in C, an san ta da busar da baki da jawo gyambo da rage ƙwayoyin jini masu kare jiki, ribabirin kuma tana rage jini. Waɗanda suka sha wannan wahala har yau ba su manta ba, kuma labarinsu ne yake yawo a unguwanni. Amma tun da aka amince da ƙwayar sofosbubir ta maganin nau'in C a Amurka a ƙarshen 2013 abubuwa sun sauya, domin yanzu ƙwayoyi ne masu nau'in C ke sha, galibi na mako 12, suna warkar da fiye da mutum 90 cikin 100, kuma illarsu ba ta kama ƙafar ta allurar ba. Har ila yau cutar nau'in C ita kanta tana da alaƙa da wani ciwon fatar cikin baki mai fararen zane-zane kamar saƙa. Ke nan likita ne kaɗai, bayan ya duba bakin ya kuma gwada jini, zai iya cewa magani ne sanadi ko wani abu dabam, kuma shi ne zai rage ko ya sauya idan da buƙata.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne sauƙin abin da aka ba yayana daga baya. An ce ya riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi mai rabin ƙaramin cokali na gishiri sau uku ko huɗu a rana, aka rubuta masa ruwan kurkura na kulohezidin da man shafawa mai kashe zafi da zai sa kafin cin abinci, tare da maganin ƙarin jini. Ya koma buroshi mai laushi, ya bar yaji da tsire da kunun tsamiya da goro na ɗan lokaci, ya riƙe kunun gyaɗa da faten dankali da gwaten acca marar barkono, duk sai sun huce. Ga ciwo kuwa, likita ya yarje masa farasitamol daidai gwargwadon da ya ƙayyade, ya hana shi dikulofenak da ibufurofen, domin suna iya taɓa ƙoda, wadda dama ake sa wa ido ga mai shan tenofobir, kuma suna jawo zubar jini ga wanda hantarsa ta raunana. Kanwa da alif da jiƙe-jiƙen da ake kawowa da kyakkyawar niyya duk ya ce a ajiye su. Ya kuma gargaɗe mu kada kowa ya taɓa buroshinsa ko aswakinsa, tun da miki yana fitar da jini, jini kuma shi ne babbar hanyar yaɗuwar cutar.

Akwai alamomin da ba a jira da su. Mikin da ya wuce mako biyu zuwa uku bai warke ba, ko ya taurare, ko yake ƙara girma, dole a nuna wa likita ko likitan haƙori. Idan kuwa ya zo da zazzaɓi, ko ƙuraje a fata, ko ƙurji a leɓe da jan ido, ko mutum ya kasa haɗiye ko da ruwa, to a kai shi asibiti a ranar.

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa kimanin kashi 8 cikin 100 na manyan 'yan Nijeriya suna ɗauke da nau'in B, saboda haka gidajen da wannan magana ta shafa ba kaɗan ba ne. Ina roƙon likitoci da ma'aikatan jinya, duk da na san yawan jama'ar da ke kan layinsu, su riƙa cewa majinyaci ya buɗe baki su haska, su kuma gaya masa da Hausa tun ranar farko abin da zai iya gani da wanda zai kira idan ya gani. Ina roƙon masu kemis su riƙa tambayar irin maganin da mutum yake kai kafin su miƙa masa na ciwo. Kafafen yaɗa labarai kuma kada su jira sai 28 ga Yuli, ranar ciwon hanta ta duniya, sannan su tuna da mu.

Alhamdulillahi, bakin yayana ya warke cikin kwana goma, ya koma kasuwa, kuma matarsa ce yanzu take miƙa masa ƙwayar kowane dare bayan sallar isha'i.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wani mai karatu,
Unguwar Rogo, Jos.