Kada Ka Sa Wa Haƙorin Nan Waya Tukuna

Assalamu alaikum, mutumina.

Ya Agadas, ya sanyi, ya amarya? Tun da aka shafa fatiha ka ɗauke ƙafa, sai da haƙorin yaro ya ɗaure maka kai ka tuna da mu. To, na ga hoton eksiren, da tambayarka ko a ɗaura wa haƙorin wayar daidaita haƙora.

Ka ce shekararsa 10, haƙorin gaba na sama ya fita a wajen ƙwallo, ya haura awa guda a bushe kafin a mayar, yanzu ya fi ɗan'uwansa gajarta. Ina zargin saiwar ta manne da ƙashi, muƙamuƙi na girma yana barinsa a baya. Bushewar da ta wuce minti 60 tana kashe tantanin da ke tsakanin saiwa da ƙashi, daga nan ƙashi ya riƙa cin saiwar yana maye gurbinta. Ka ɗaura masa waya, shi ba zai motsa ba, maƙwabtansa ne za su karkato.

Kafin wani hoto, ɗauki ƙotar madubin duba baki ka ƙwanƙwasa shi, ka ƙwanƙwasa na kusa. Mai lafiya sautinsa a dushe yake, manannen kuwa ƙarar ƙarfe yake yi, kuma ko kaɗan ba ya girgiza. Kunne kan riga ido a nan, don ana jin ƙarar da zarar kusan kashi 20 cikin 100 na saiwar ya manne. Ƙaramin eksire gefe biyu na saiwa kawai yake nunawa. Abin da ke ta wajen leɓe ko ganɗa ɓoye yake. Saboda haka ganin siririn baƙin layin nan na tantanin a hotonka bai wanke haƙorin ba.

Af, Oga ya aurar da autarsa, an yi cigiyarka har sau nawa. Mai shayin bakin ƙofa ma ya ce bashinsa na nan.

Sake ɗauka sau biyu, fim ɗin a maƙale da marikinsa, na biyun ka karkata bututun eksiren zuwa gefe. Idan akwai tabo a saiwar, ya kuma tsaya daram a kan ramin jijiya, ramin ya kumbura a wurin, daga ciki ake cin saiwar. Idan ya gusa, kuma kana iya bin layin ramin ta cikinsa, daga waje ne. Sannan duba launi: baƙin rami mai siffar ƙwarya a saiwa da ƙashin gefenta, matacciyar jijiya ce ke hura shi, kuma yana da sauri a yara. Wannan ka buɗe, ka wanke, ka cika da maganin kalsiyam haidiroksaid, yakan tsaya. Inda ƙashi ya shige saiwa babu baƙi a tsakani, wankin jijiya ba ya tsayar da shi.

In iyayen za su iya tafiyar, a yi CBCT, wato eksiren da ke nuna haƙori ta kowane gefe, na ɗan wurin kawai, ba kai gaba ɗaya ba, yaro ne. In ya tabbata ya manne, kada ka cire da ƙarfi, ƙashin zai biyo shi. Yanke kan haƙorin ƙasa da bakin ƙashi, ka bar saiwar a rufe da dasashi, yadda likitar haƙori Malmgren ta Suwidin ta bayyana a 1984, kafin girman balaga ya ƙara nutsar da shi. Giɓin a rufe da na roba har ya gama girma.

Turo min sababbin hotunan ta WhatsApp, na asali, ba wanda ka ɗauka da waya a jikin taga ba. Gai da amarya, ka ce muna jiran cukunmu.

Naka har kullum.