Rahoton Kwamitin Gyaran Ɗakunan Karatun Ma'aikatan Jinya

Kwamitin da aka ɗora wa nauyin mayar da tsohon siton asibiti wurin karatu ya kammala aikinsa, kuma mun miƙa makullai ga shugabar ma'aikatan jinya.

Tun a zamanmu na farko muka lura cewa aikin jinya tsani ne, hawa-hawa ake binsa. Mai taimaka wa nas tana neman difloma, mai difloma na hangen digiri, wata kuma ta fi son ƙwarewa a aikin ungozoma, ɗakin tiyata ko kula da masu matsanancin ciwo. Kusan dukkansu ba su da halin ajiye aiki su koma makaranta. Shi ya sa muka raba ginin gida uku, kowa da inda ya dace da matakinsa.

Ɗaki na farko, wato na gwada aiki a aikace, shi ne ya fi cin lokacinmu. Kafinta ya kafa ƙofa, ta yi kyau, sai da muka turo gadon asibiti muka ga ashe ba ya shiga. Laifinmu ne, don ba mu ba shi awo ba. Aka fasa bango, aka faɗaɗa. Famfunan farko ma mun mayar da su, muka sa waɗanda ake buɗewa da gwiwar hannu, saboda wanda ya wanke hannu na daƙiƙa 40 zuwa 60 bai kamata ya sake taɓa kan famfo ba. Yanzu akwai mutum-mutumi a kan gadon, ana koyon allura da sa ƙarin ruwa a jikinsa. Ranar da muka je duba aiki mun tarar da wata ƙaramar ma'aikaciya tana koyon farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, tana danna masa ƙirji, tana ƙirgawa a fili har 30, sannan ta hura masa numfashi sau 2.

Ɗaki na biyu aji ne, allo da kujeru kawai. Na uku an sa masa kwamfutoci da intanet da fitilun sola, domin masu yin karatun digiri daga nesa, waɗanda galibi sai sun sauka daga aikin dare suke samun sukuni.

An sauya kwanon da ke yoyo, an kuma sake silin. Abu ɗaya ya rage wanda ya fi ƙarfin kwamiti: wa zai riƙa riƙe makulli da daddare? Muna roƙon hukumar asibiti ta yanke wannan kafin ɗalibai su fara shirin jarrabawa.