Amsa Ga Alhajin Da Ya Ambace Ni A Rediyo

Assalamu alaikum, Alhaji.

A shirin rediyo ka tambaya, Gusau duka tana ji, dalilin da ya sa na ƙi sa hannu wani direbanku ya koma tuƙi bayan shanyewar ɓarin jiki. Ka ce ko so nake ya yi ta zuwa ina karɓar kuɗi, ka kuma ce ba ni da tausayin talaka.

Kuɗi asibiti ke karɓa, da rasit. Wannan ya wuce.

Zancen tausayin ne ya sosa mini rai. Aikina koya wa mai lalura yadda zai sake cin abinci da hannunsa, ya yi alwala, ya koma sana'arsa. Babu mai son ganin magidanci ya koma neman abinci kamar ni. Amma halin da marar lafiyata ke ciki amana ce, ba zan baje shi a rediyo don in wanke kaina ba, kuma ka san haka lokacin da ka zaɓi rediyo ka bar ofishina.

Abin da zan iya faɗa kowa na da haƙƙin sani. Idan cutar ta taɓa ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa, wasu sukan daina lura da duk abin da ke hagunsu. Idonsu garau, ƙafa ta miƙe, amma su cinye rabin tuwo su bar rabi, su rantse sun gama. A titunanmu motar da ke tahowa ta hagun direba take bi. Ka ɗora irin wannan mutum bisa hanyar Talata Mafara da fasinjoji cike da mota, wa zai amsa tambayar Allah? Ni da na sa hannu. Rasa lasisina na hukumar da aka kafa a 1988 don kula da aikinmu abu ne mai sauƙi a kan wannan.

Kujerar da kake nema a tasha tana buƙatar ƙuri'ar direbobi, na gane. Amma in don su kake yi, dokar kare naƙasassu da Buhari ya sa wa hannu a 2019 ta ware musu kashi 5 cikin 100 na ayyukan gwamnati. Yaushe ka taɓa kiran rediyo a kanta? A tashar taku ma akwai yankan tikiti, akwai rubuta sunayen fasinja. Direban da jiki ya hana tuƙi zai iya su, ni kuma a shirye nake in koya masa. Kujera ɗaya kawai nake roƙo ku ba shi.

Wassalam.