Idan gwajin jini ya nuna fararen ƙwayoyi sun yi ƙasa, wane ne ke cikin haɗari?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini, mu yi magana a kan abin da ke rikita mutane da yawa a nan Damagaram, wato takardar gwajin jini ta NFS, mai ƙidaya ƙwayoyin jini, idan ta nuna fararen ƙwayoyin jini sun yi ƙasa. Mu ma'aikatan jinya ne da na ɗakin gwaji. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne tsoron yana sauka inda bai kamata ba. Mai lafiya garau ya ga lamba ta ɗan gaza, ya kasa barci yana zaton kansar jini ce. Wanda kuma ƙwayoyinsa suka ƙare da gaske, in zazzaɓi ya kama shi sai a ce masassarar damina ce, a ba shi farasitamol, a lulluɓe shi har gari ya waye.

Layin da aka rubuta GB a takardar jimilla ce ta fararen ƙwayoyi iri biyar, kuma ga babban mutum ana sa ran 4,000 zuwa 10,000 a kowane milimita kubik na jini. Wannan jimillar ita kaɗai ba ta faɗin haɗari. Layin da likita ke nema shi ne na PNN, wato nutrofil, waɗanda su ne ke fara tarar ƙwayoyin cuta na bakteriya da fangas. Ɓargo ne ke yin su, kuma ba su daɗewa a jini, shi ya sa da ɓargo ya tsaya aiki suke faɗuwa cikin ƴan kwanaki. Wasu injuna kashi cikin ɗari kawai suke fitarwa, sai mutum ya yi lissafi da kansa: a ninka GB da kason PNN, a raba da 100. Mutum biyu duk GB ɗinsu 3,200. Na farko PNN kashi 55, yana da 1,760 ke nan, ba abin damuwa. Na biyu kashi 12, yana da 384 kacal, wannan kam yana bakin rami. A kula kuma da waƙafi irin na Faransanci: in an rubuta 1,5 G/L, nufin 1,500 ne.

A lissafin PNN, daga 1,000 zuwa 1,500 ƙarancin kaɗan ne, haɗarinsa bai taka kara ya karya ba. Daga 500 zuwa 1,000 a sa ido. Ƙasa da 500 shi ne mai tsanani, don a nan ƙwayoyin cutar da ke zaune a bakin mutum da hanjinsa da fatarsa ma suna iya shiga jini. In ya haura kwana bakwai a haka, haɗarin ya ƙaru. Ma'aunin yara daban ne, kada a gwada takardar jariri da ta babansa.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye wanda ba a cika faɗa wa mutane ba. Waɗannan ma'aunai galibi a jinin Turawa aka tsara su. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma an haife su babu wata alama a jikin jajayen ƙwayoyin jininsu da ake kira Duffy, kuma masu wannan halitta nutrofil ɗinsu kan zauna ƙasa, wasu tsakanin 1,000 da 1,500 har tsufa, ba tare da sun fi kowa kamuwa da cuta ba. Ɓargonsu lafiya lau yake, in cuta ta shigo ƙwayoyin suna fitowa. Saboda haka ɗalibi ko mai neman aiki da aka yi wa gwaji aka ga 1,300, ba ya yawan rashin lafiya, jajayen ƙwayoyinsa da masu daskarar da jini daidai suke, abin da yake bukata shi ne a maimaita gwajin bayan mako biyu zuwa huɗu. Bai bukatar kwalaben maganin ƙarin jini. Waɗannan sinadarin ƙarfe ne a cikinsu, aikinsu a jajayen ƙwayoyi yake. Zoɓo da zogale ma abinci ne mai kyau, amma ba su ɗaga nutrofil, haka nan ledar jini da ake ƙara wa mutum.

Wani lokacin ma laifin na ɗibar jinin ne. In ba a juya kwalbar gwajin mai murfi launin shunayya a hankali ba bayan ɗiba, jinin yakan yi gudaji, inji ya ƙidaya ƙasa da gaskiya. In aka ɗiba a hannun da ake ƙarin ruwa, jinin ya tsinke. In kwalba ta wuni a zafin watan Afrilu kafin ta iso daga ƙauye, ƙwayoyin sun lalace. Sakamakon da bai dace da yanayin majiyyaci ba, a sake ɗiba, a shafa jinin a gilashi a duba da madubin likita.

Abubuwan da suka fi saukar da fararen ƙwayoyi a ƙasarmu sanannu ne: zazzaɓin cizon sauro, taifot, ƙyanda, ciwon hanta, tarin fuka, cuta mai karya garkuwar jiki, kumburin saifa, tamowa da ƙarancin bitamin B12 ko folik asid. Mafi yawansu in an magance cutar lambar takan dawo. Wanda muka fi so jama'a su riƙe shi ne magani, musamman na ƴan tallar ƙwaya a faranti da teburan kasuwa. Kuloramfenikol da ake sha barkatai da sunan taifot yana iya kashe ɓargo gaba ɗaya, wani lokaci makonni bayan an daina sha. Metamizol, wanda ake sayarwa da sunan Novalgin ko Analgin, yana iya share nutrofil farat ɗaya. Akwai kuma Bactrim, da zidobudin na masu cuta mai karya garkuwa, da Tégrétol na farfaɗiya. Mai shan Néo-Mercazole saboda ciwon maƙoƙo, in ya ji zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro, musamman a wata uku na farko, ya dakata da shi ya yi gwaji a ranar. Sauran kuwa, irin na farfaɗiya da na garkuwar jiki, kada mutum ya yanke su da kansa, ya kai kwalayen gaban likita a canza masa. In aka ga fararen ƙwayoyi da jajaye da masu daskarar da jini duk sun faɗi tare, ga zubar jini a dasashi ko haɓo, to sai an duba ɓargo.

Masu karɓar maganin kansa su ne muka fi jin tsoro dominsu. Da yawa Yamai suke zuwa, tafiyar kusan kilomita 900, wasu Kano, a yi musu ƙarin maganin su juyo gida. Ƙwayoyin ba a ranar suke faɗuwa ba. Sukan kai ƙarshen faɗuwarsu tsakanin kwana 7 da 14 bayan maganin, su farfaɗo wajen mako na uku ko na huɗu. Ke nan lokacin da ya fi haɗari yakan riski mutum a ɗakinsa a Birni ko Zongo, ko can Mirya, Magarya ko Tanut, nesa da likitan da ya san shi.

A irin wannan hali zazzaɓi ne kaɗai ƙararrawa. Ruwan ƙurji nutrofil ne ke yin sa, to wanda ba shi da su ƙurjinsa ba ya yin ruwa, ciwon huhunsa ma yana iya zuwa ba majina. Dole a ajiye ma'aunin zafi a gida. In ya nuna 38.3 sau ɗaya, ko 38 ya tsaya awa guda, a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Awon hammata yakan gaza na cikin jiki da kusan rabin digiri, don haka 38 a hammata ya isa, kada a jira. Rawar ɗari, ruɗewa, numfashi sama-sama, gudawa, gyambon baki ko zafi wajen bayan gida, duk hukuncinsu ɗaya ko babu zazzaɓi. Kada a sha farasitamol kafin a auna, yana ɓoye alamar. Kada a cusa ma'auni ko magani ta dubura, ɗan ƙwarzane ya isa ya buɗe wa cuta hanya. Da isa, maganar farko ga ma'aikaci ita ce: ana yi mini maganin kansa, ranar kaza aka yi na ƙarshe, ga takardata. Ƙa'ida ita ce a ɗebi jini a fara allurar antibiyotik ta jijiya cikin awa ɗaya. Abokan aikinmu na ƙananan asibitoci su yi haƙuri mu faɗa: ko gwajin maleriya ya nuna akwai, ba a gama ba. A damina mutum yana iya ɗauke da ita ga kuma bakteriya a jini, sai a yi maganin duka biyun a tura shi gaba.

Kariya a gida ba ta da tsada. Wanke hannu da sabulu ya fi komai, ga majiyyaci da mai jinya da ƴan dubiya, kuma mai mura ko tari ya yi gaisuwarsa ta waya. Yaro mai ƙyanda ko ƙarambau kada ya shiga ɗakin. Kowa ya san wahalar ruwa a garin nan, ana saye wurin ƴan ga-ruwa a ajiye a randa ko jarka kwana da kwanaki. Na shan majiyyaci a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, a rufe, a daina tsoma moɗa a ciki. Nonon da ba a dafa ba, salak da ɗanyen kabeji na bakin titi, tsire ko kilishin da ya wuni a buɗe, a haƙura da su har lamba ta hau. Abinci ya dahu, a ci da zafinsa. A bar masa sharar turke da akurki, da shiga rumbu, da sussuka da shiƙa, saboda ƙurar hatsi mai funfuna tana ɗauke da fangas da ke kama huhu. Lokacin hunturu ya sa takunkumi in zai fita. Ya goge baki da buroshi mai laushi, ya kwana cikin gidan sauro. Ƙaho, tsaga, sakiya, cire haƙori da askin aska ɗaya wurin wanzami, duk a ɗaga su. Rigakafi masu ɗauke da ƙwayar cuta mai rai, irin na shawara da na ƙyanda, sai da izinin likita.

Akwai allurar filgirastim da ke zaburar da ɓargo bayan maganin kansa. Likita ne ke yanke wanda ya dace da ita, kuma a firiji ake ajiye ta tsakanin digiri 2 da 8, ba a cikin ƙanƙara ba, don haka mai ɗauko ta daga Yamai ya tanadi kula mai riƙe sanyi. Kafin majiyyaci ya baro inda aka yi masa magani, ya nemi a rubuta masa sunan maganin, ranar da aka ba shi, ranar da zai yi NFS a Zinder, da lambar wayar da za a kira in zazzaɓi ya zo.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu ma'aikatan jinya da na ɗakin gwajin jini,
Zinder, Jamhuriyar Nijar.