A tsayar wa hawan ƙaho rana da wuri a Maradi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan wani abu da ya tsaya mini a rai tun watan Yuli.

Ƙanena da ke zaune a Amurka ya ɗauki iyalinsa a mota lokacin babban hutun makaranta, suka yi kwana uku a hanya har jihar Wayomin, suka kama hayar wani ɗan ɗakin katako a bakin daji, mai gadaje da murhu, inda matarsa ta tuƙa musu tuwo da garin da ta yi guzuri. Abin da ya kai su shi ne bikin makiyaya na garin Shayan, wanda ake yi tun shekarar 1897, kwana goma a ƙarshen watan Yuli. Wasan da suke kira rodiyo shi ne ƙashin bayan bikin. Ana buɗe ƙofa bijimi ya fito yana tsalle da mutum a bayansa, hannu ɗaya riƙe da igiya, ɗayan a sama ba ya taɓa komai, kuma sai ya yi daƙiƙa 8 bai faɗi ba kafin alƙalai su ba shi maki. Rabin makin ma na bijimin ne, gwargwadon yadda ya wahalar da mahayinsa.

Da ya aiko mana bidiyon ta WhatsApp, 'ya'yana suka yi cincirindo a kan wayar suna ihu. Mahaifiyarmu ta karɓa ta duba, ta mayar, ta ce: "Wannan ai bayan sa ya hau. Ku tambayi ubanku labarin masu hawan ƙaho." Autana mai shekara tara ya juyo ya tambaye ni mene ne hawan ƙaho, ni kuwa kunya ta kama ni, domin a Maradi aka haife shi, kuma mahauta na kan hanyarsa ta zuwa makaranta.

Mu da muka tashi da shi mun san yadda yake. Ranar jajiberen Sallah ko bikin wani babban mahauci, ana ɗaure wa bijimi igiya a ƙafar baya da wuya, samari na riƙe, masu kalangu na zuga ɗan wasa da kirarinsa, shi kuma ya tunkari san gaba da gaba, ya faɗa tsakanin ƙahonin ya rungume wuyansa, sa na girgiza shi kamar tsumma. Ban raina jarumtar Amurkawa ba, amma wanda ya shiga tsakanin ƙaho biyu ya fi wanda ya zauna a doro kusa da ajali.

Abin da suka fi mu shi ne tsari. Ƙanena ya san ranar bikin tun watanni kafin ya tashi, ya sayi tikiti, ya kama masauki, ya san akwai shinge tsakanin 'ya'yansa da dabbar, akwai kuma motar asibiti a gefe. Namu kuwa sai dai ka ji kiɗa ka bi, a kan titi, yara na gudu a gaban sa, kuma magidanci daga Tasawa ko Dakwaro ba shi da yadda zai shirya tafiya da iyalinsa don abin da ba a san ranarsa ba. Mun ga abin da tsari ya yi wa kokowa: tun da aka fara gasar takobi a 1975, kowa ya san lokacinta, har filin kokowa na Maradi ya ɗauki sunan shahararren ɗan kokowa Kantu.

Saboda haka ina kira ga Mai Martaba Sarkin Katsinar Maradi da ma'aikatar magajin gari su zauna da sarkin fawa a tsayar da kwana biyu a shekara, a cikin hutun yara, a yi wasan a filin kokowa inda akwai wurin zama, a kuma ajiye ma'aikatan lafiya. Na san wasu malamai za su yi magana kan layu da wahalar da dabba, kuma maganarsu abar saurare ce; a sa su cikin zaman a yi ƙa'ida. Batun masauki ma ba sai an jira manyan otal ba. Bukkoki masu tsabta da gidan sauro da ruwa a bakin tafkin Madarumfa sun isa iyali su kwana biyu, su ci kifi, da la'asar su shigo gari kallo, kuɗin kuma ya zauna a hannun mutanen ƙauyen.

Na yi wa autana alkawarin kai shi gidan sarkin fawa ya ji labari daga bakin tsofaffin 'yan wasa, amma ya ce shi gani yake so ya yi.

Na gode.

Mai karanta jaridarka,
daga unguwar Zariya, Maradi